Waiwayen Aiki Ga Malami: Tambayoyin Da 'Yan TP Da Malamai Ke Yawan Yi

Waɗannan tambayoyin su ne ke ta dawowa duk shekara daga bakin ƙannenmu masu NCE, wato takardar shaidar malanta, da masu digirin ilimi a nan Zariya idan lokacin TP, wato koyarwar gwaji da ake tura ɗalibai su yi a makarantu, ya ƙarato, da kuma malaman da suka daɗe a aji aka tura su taron bita suka dawo da zancen waiwaye a baki amma ba wanda ya nuna musu yadda ake yinsa. Na fara da masu sauƙi. Ba sai an bi su a jere ba, kowa ya tafi kan wadda ta dame shi.

Wai mene ne ma wannan waiwayen aikin da ake ta faɗa?

Shi ne malami ya gama darasi ya koma ya duba abin da ya faru da gaske a ajin, me yara suka yi, me suka gane, ina suka ɓata, mene ne nawa hannun a ciki, sannan ya fitar da abu ɗaya da zai canza a darasi na gaba. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ke mantawa da shi. In ka zauna ka yi ta tunanin ajinka tun daga Tudun Wada har keke ya sauke ka a Samaru amma gobe ka koma ka yi daidai yadda ka yi jiya, to tunani kawai ka yi, ba ka yi waiwaye ba tukuna.

Ba shi ne ibaluweshan ɗin da muke rubutawa a ƙarshen lesin not ba?

A'a, amma 'yan'uwan juna ne. Ibaluweshan tambayoyi ne da ka shirya tun kafin ka shiga aji don ka auna yara. Waiwaye kuma kanka kake aunawa, da sakamakon yaran a hannunka. Wato in ka yi tambayoyin nan biyar na ƙarshen darasi aka samu rabin aji sun faɗi ta uku, ibaluweshan ya gama aikinsa, nan waiwaye zai ɗauka: me ya sa ta uku? Misalin da na bayar ne bai yi kama da ita ba, ko na yi sauri ne a wurin saboda na ji an kusa kaɗa ƙararrawa?

Akwai kuma wurin rimak da wasu makarantu ke sawa a ƙasan lesin not, inda kusan kowa ke rubuta cewa darasi ya tafi lafiya, yara sun fahimta. Wallahi in ka ɗauko lesin not ɗin zango guda za ka ga wannan jimlar ce daga farko har ƙarshe. Wannan wurin ne ya kamata waiwaye ya zauna. Duba amsar da ke magana kan abin da ake rubutawa.

Daga ina abin ya fito? Lakcara na tambaya a jarrabawa.

Sunaye biyu za ka riƙe. Na farko John Dewey, masanin falsafar ilimi ɗan Amurka, wanda ya yi rubutu kan yadda mutum ke tunani a 1910 ya sake faɗaɗa shi a 1933. Shi ya bambanta aikin da ake yi don kawai haka aka saba da aikin da mutum ya tsaya ya auna dalilinsa, kuma a wurinsa tunani na gaske yana farawa ne lokacin da wani abu ya cije maka ka rasa gane kansa. Na biyu Donald Schön, shi ma ɗan Amurka, wanda a 1983 ya nuna cewa ƙwararru kamar masu zanen gini da masu tsara birane da likitocin ƙwaƙwalwa ba da abin da ke cikin littafi kaɗai suke aiki ba, suna da wani sani da ke fitowa cikin aikin kansa. Daga nan abin ya bazu cikin horon malamai da na ma'aikatan jinya.

Amma fa kada ka ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malaman zaure a cikin birni ya ji zancen muhasaba, da maganar nan da ake dangantawa ga Sayyadina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Abin da su Dewey suka ƙara shi ne tsari, da dagewa kan a kawo hujja daga cikin aji.

Ana cewa akwai na cikin aiki akwai na bayan aiki. Yaya ke nan?

Rabon Schön ne wannan. Na bayan aiki shi ne wanda muka fi sani, an tashi, ka zauna a ofishin malamai ko ƙarƙashin bishiya kana bitar abin da ya wuce. Na cikin aiki kuwa kana tsaye da alli a hannu yake faruwa, ka ga idanun yara sun yi tsuru-tsuru, na baya sun fara tsokanar juna, sai ka yanke bayanin ka kawo wani misali ko ka juya harshe zuwa Hausa na minti biyu. Kamar mai miya ce da ke ɗanɗanawa tun tukunya na kan wuta.

Sabon malami ba ya iya na cikin aiki sosai, kuma ba laifinsa ba ne, hankalinsa duk yana kan kada ya manta mataki na gaba da kada muryarsa ta yi rawa. Yawan yin na bayan aiki ne ke haifar da shi a hankali, don abin da ka taɓa zama ka warware da daddare shi ne za ka gane da sauri in ya sake ɓullowa da safe.

An ce mu bi zagayen Gibbs. Dole ne?

In asaimen ne kuma lakcara ya ce Gibbs, to Gibbs ɗin za ka bi, maki ne. Graham Gibbs ɗan Ingila ne, ya fitar da nasa a 1988 da matakai shida: ka faɗi abin da ya faru, ka faɗi yadda ka ji a ranka, ka ware abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba, ka nemo dalili, ka faɗi abin da ka koya ko wanda da ka yi daban, sai ka tsara abin da za ka yi gaba. A kan na David Kolb na 1984 ya gina shi, wanda shi matakai huɗu ne: ka yi abu, ka waiwaya, ka fitar da fahimta, ka gwada ta.

Inda ɗalibai ke faɗuwa kullum wuri ɗaya ne. Sai su cika shafi biyu da labarin yadda suka shiga aji suka gaishe da yara suka rubuta kwanan wata, wurin neman dalili kuma layi biyu. Alhali nan ne naman yake. Ni a ganina in ba don jarrabawa ba tambayoyi ukun nan da aka samo daga Terry Borton tun 1970 sun wadatar da malamin da ke aiki kullum: me ya faru, me hakan ke nufi, yanzu sai me.

To me zan rubuta a littafin? A ba ni misali.

Ga irin wanda ba ya amfanar kowa: “Na koyar da ɗebewa a aji uku. Darasi ya yi kyau amma wasu yaran ba sa mai da hankali. Zan ƙara ƙoƙari insha Allah.” Ba ƙarya a ciki, amma in ka buɗe shi bayan sati biyu ba abin da zai gaya maka, kuma ka riga ka ɗora wa yara laifin ka wanke kanka.

Ga wani: “Na ba da 52 a ɗebe 27. Da na duba littattafai da yawa sun rubuta 35 maimakon 25. Ba kasala ba ce, hanya ɗaya suka bi, sun ɗebe 2 daga 7 suka samu 5, suka ɗebe 2 daga 5 suka samu 3, wato ƙarami suke cirewa daga babba duk inda ya faɗo. Misalai ukun da na fara yi a allo duk ba mai aro a ciki, sai na huɗu, kuma shi na yi shi da sauri. Gobe zan kawo tsinken tsintsiya ɗauri goma-goma, mu kwance ɗauri ɗaya a gabansu kafin in taɓa allo, sannan in ba da 43 a ɗebe 18 in ga ko 35 za ta sake fitowa.” Ka ga bambancin. Akwai abin da yara suka yi, akwai dalilin da malami ke zato, akwai nasa hannun, akwai abin da zai gwada da yadda zai san ko ya yi aiki. Kuma duka bai fi rabin shafi ba.

Littafin ma ba sai mai tsada ba, ɗan littafin rubutu na yara ya isa, ko wurin ajiye rubutu a wayarka. Kada dai ka sa cikakken sunan yaro da sirrinsa, littafi na ɓata, waya na shiga hannun wani.

Da Turanci zan rubuta ko zan iya da Hausa?

Wanda za ka miƙa wa sufabaiza, wato malamin da ke zuwa duba ka a TP, ka yi da harshen da aka ce. Naka na kanka ka yi da harshen da kake faɗa wa kanka gaskiya da shi, ko da ajami ne. Mutane da yawa in suka koma Turanci sai su faɗa cikin jimlolin da suka haddace daga handawut, tunanin ya tsaya.

Aji na ya haura yara 80, ga firiyod a jere, ga makin. Ina lokacin yake?

Wannan ita ce tambayar gaskiya, kuma duk wanda ya ce maka ka rubuta shafi bayan kowane darasi bai taɓa riƙe irin ajinka ba. Ka zaɓi aji ɗaya, darasi ɗaya a sati, wanda ya fi ba ka ciwon kai. Minti goma bayan an tashi, ko bayan La'asar kafin hidimar gida ta cinye ka. Kada ka bari ya kwana biyu, don abin da ke saura a kai bayan kwana biyu shi ne yadda ka ji, abin da yaran suka faɗa ya riga ya gudu.

Batun makin kuma, ba sai ka duba littafi 80 don waiwaye ba. Ɗauki guda tara ko goma, daga gaba da tsakiya da baya, ka haɗa da na waɗanda ba sa magana. Kuskuren da ya maimaitu a cikinsu yana nan a sauran. Malama mai goyo wadda ba ta da hannun rubutu sai ta yi saƙon murya na minti biyu ta tura wa kanta a WhatsApp, shi ma ya yi.

Ta yaya zan san ainihin abin da ya faru, ba abin da nake zato ba?

Da farko ka daina yarda da “Kun gane?” “Eeeh Malam!” Yaranmu an rene su da kada su kunyata babba, ko da Sinanci ka yi darasin za su ce sun gane. Hujja ita ce abin da suka rubuta, abin da suka faɗa da bakinsu, da wanda ya yi shiru. Tambaya ɗaya a ƙarshen darasi kowa ya amsa a guntun takarda ya ba ka a bakin ƙofa ta fi amsar taro sau goma. Ka kuma lura da su wa kake kira. Yawancinmu yara biyar ko shida na layin gaba muke koyarwa, sauran 'yan rakiya ne, kuma a ajin da ke haɗe sau da yawa 'yan mata ne ke shiga cikin 'yan rakiyar ba tare da malami ya nufa ba.

Wani abin aunawa mai sauƙi shi ne jira. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su tsallaka kan wani yaro, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye amsoshin yara na ƙara tsawo, waɗanda ke ɗaga hannu na ƙaruwa. Gwada ƙirga uku a zuci gobe, za ka ji kamar shekara.

Stephen Brookfield a 1995 ya ce malami ya kalli aikinsa ta fuska huɗu: tarihin kansa, idon ɗalibansa, idon abokan aikinsa, da abin da masana suka rubuta. Amsoshi biyu na gaba kan ta biyu da ta uku suke.

In na tambayi yara ra'ayinsu kan koyarwata ba raini zai jawo ba?

Ya danganta da abin da ka tambaya. In ka ce “Na iya koyarwa?” ka jawo wa kanka, ƙanana za su yabe ka don tsoro, 'yan sakandare kuma su sami abin dariya. Ka tambaya kan darasin: wane wuri ne ya fi wuya yau, wane misali ne ya sa ka gane, me kake so a maimaita. Kada su sa suna. Kuma in sun faɗa ka dawo ka ce da yawanku sun ce wuri kaza bai shiga ba, bari mu sake. Girma ma yake ƙara maka, don sun ga maganarsu ta yi aiki. Abin da ke zubar da mutunci shi ne ka tambaya sannan ka fara neman mai rubutun da ya ɓata maka rai.

Ina jin nauyin wani malami ya zauna a ajina. Kuma tsoron gulma nake.

Tsoron na da dalili, ofishin malamai ba kowane ne ke riƙe sirri ba. Shi ya sa ba kowa ake gayyata ba. Nemi mutum ɗaya da ka yarda da shi, ku yi musaya, ya shiga naka ka shiga nasa, kuma ka ba shi aiki takamaimai: Malam don Allah zana mini ajin a takarda ka sa alama duk wanda na kira, ko ka auna mini minti nawa na yi ina magana ni kaɗai cikin minti 40 ɗin. Mutumin da aka ba ƙidaya ba ya samun sararin yanke hukunci. In kun zauna bayan darasi kai za ka fara magana, shi ya biyo da abin da ya gani, ba da yadda shi zai yi da shi ne ba.

A Japan sun daɗe da mai da wannan al'ada, malamai su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar sauran su zuba ido kan yara ba kan malamin ba, a tattauna, a gyara, wani ya sake koyarwa. Wani reshe na irin wannan tunani ya iso mana ta shirin SMASE na lissafi da kimiyya da aka fara a Najeriya a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, kuma Kaduna na cikin jihohi ukun farko tare da Neja da Filato. Tsarinsu shi ne ka shirya, ka aiwatar, ka duba, ka inganta. In akwai tsohon malamin firamare a makarantarku da ya halarci wannan bitar, ka matsa kusa da shi.

Sufabaiza ya zo TP ya cika mini fom da jan biro. Yaya zan yi da shi?

Ranar dai ka bari zuciya ta huce. Washegari ka raba abin da ya rubuta gida biyu: na tsari, kamar rubutun allo da yadda ka tsara manufar darasi da kayan koyarwa, waɗannan gyaransu nan take ne, da na koyarwa kanta, kamar cewa kai kaɗai ke magana, wannan ka ɗauki ɗaya ka yi sati kana aiki a kansa. In ka samu dama kafin ya hau mota ka tambaye shi cikin ladabi, Malam a wane wuri ne ka ga haka? Yawancinsu suna jin daɗin wannan tambayar, don ba kasafai ake yi musu ita ba, kowa makinsa yake leƙe.

Ka tuna sufabaiza baƙo ne, ya ga darasi ɗaya ko biyu, sau da yawa ma wanda ka yi wa kwalliya saboda ka ji labarin zuwansa. Malamin ajin da aka haɗa ka da shi ya fi shi sanin yaran, kada ka mai da shi wanda kake karɓar rajista kawai a hannunsa. Kuma wannan ƙaramin darasin gwaji da kuka yi a gaban 'yan ajinku kafin fita, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Stanford a 1963, asalinsa ka koyar, a yi maka gyara, ka sake koyar da shi. Saboda yawan ɗalibai sau da yawa sake koyarwar ce ake tsallakewa, to kai ka yi ta da kanka a TP: in kana da aji A da B, abin da ya karye a A ka gyara shi kafin B.

Zan iya ɗaukar darasina a waya?

Murya ta isa, kuma ta fi sauƙi. Ajiye wayar a tebur minti goma. Karon farko ba za ka ji daɗin muryarka ba, za ka ji sau nawa ka ce “ko ba haka ba”, za ka ji ka yi tambaya ka amsa wa kanka. Amma sai da izinin hedimasta ko firinsifal, bidiyo kuma da fuskokin yara a ciki kada ka kuskura ba da sanin iyaye ba, kuma kada ya hau Facebook ko sitatus. In ka gama saurara ka goge.

Shekara 20 ina koyarwa. Me yaro mai NCE jiya zai faɗa mini?

Malam, girmanka ne, ba wanda ya ce ba ka iya ba. Hasali ma kai ka fi kowa kayan waiwaye, don ka ga yara iri-iri sun wuce ta hannunka. Sai dai sabo na ɓoye abu. Wani masani Dan Lortie ya nuna tun 1975 cewa kafin mutum ya shiga kwalejin horon malamai ya riga ya shafe dubban sa'o'i yana kallon malamansa, don haka yawancinmu yadda aka koya mana muke koyarwa, ba yadda aka horar da mu ba. Dogon not a allo a kwafa, bulala in an faɗi, maimaitawa da ƙarfi, wasu sun yi mana amfani wasu kuma mun tsira ne duk da su, kuma waɗanda ba su tsira ba ba sa cikin ofishin malamai balle su ba da labari.

Gwaji ɗaya: ɗauko topik ɗin da duk shekara kake cewa yara ba sa gane shi. In shekara goma yara daban-daban na faɗuwa wuri ɗaya, da wuya a ce duk yaran ne. Ka yi masa irin binciken da ke cikin misalin 52 da 27 a sama.

Mu malaman Islamiyya fa, ya shafe mu?

Sosai ma. Yaron da ke haɗa sin da sad, ko wanda haddarsa ke tsayawa kullum a ayoyi masu kama da juna, ko ajin fiƙihu da ke iya jero farillan alwala amma in aka ba su buta sai a ga wani abu daban, duk abin zama a duba ne. Tambayoyi ukun nan da ke cikin amsar Gibbs ba ruwansu da boko ko Islamiyya.

Zai taimaka wajen lasisin TRCN ko ƙarin girma?

Kai tsaye ba wanda zai ba ka mataki don ka riƙe littafin waiwaye, kada a yaudare ka. Hukumar TRCN da aka kafa da dokar 1993 rajista da lasisin koyarwa take ba malamai, tana shirya jarrabawar cancanta, tana kuma neman malami ya ci gaba da ƙaro ilimi a bakin aiki. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, hukumar kwalejojin ilimi ta NCCE da aka kafa a 1989 ke kula da ma'auninta, ga kuma cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, nan kusa da mu a Kaduna tun 1976 tana horar da malaman da ke kan aiki. Waɗannan takardu ne da kwasa-kwasai, dole a neme su.

Inda waiwaye ke shigowa shi ne yana nuna maka raminka kafin wani ya nuna maka. Malaman jihar nan ba su manta da jarrabawar 2017 ba da ta yi sanadin sallamar malaman firamare sama da dubu 21, kowa da ra'ayinsa kan yadda aka yi ta, ba shi ne zancenmu ba yau. Amma malamin da ya lura duk ranar da zai koyar da ɓangarorin lamba sai ya ji gabansa na faɗuwa ya tsallake da sauri, ya gano cewa matsalar ba dabarar koyarwa ba ce, shi kansa bai riƙe abin ba, sai ya nemi mai koya masa a ɓoye. Haka in aka tura ka bita, mai tambaya a aljihu ya fi wanda ya je don alawus da shinkafa dawowa da wani abu.

Duk lokacin da na yi sai in ƙare da jin ban iya komai ba.

To ka zame daga waiwaye ka faɗa zargin kai. Alamarsa ita ce jimlolinka sun koma kan kai wane ne, ni ba ni da kwarjini, ni ban dace da aikin nan ba, maimakon kan abin da aka yi a minti na goma sha biyar. Ka koma kan abin da ya faru. Ka kuma tilasta wa kanka rubuta abu ɗaya da ya yi kyau tare da dalilinsa, don darasin da ya yi daɗi ma in ba ka san me ya sa ba ba za ka iya maimaita shi ba.

Sannan ka raba abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Rufin da ke yoyo da damina, yaran da ke zuwa ba karyawa, waɗanda ke ɓacewa ranar kasuwa ko lokacin girbi a ƙauyukan Giwa da Soba, albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ba littafin waiwaye da zai gyara su. Waɗannan ka rubuta su don ka kai gaban hedimasta ko kwamitin makaranta da hujja, wace rana, yara nawa. In damuwar ta kai ba ka barci ka yi magana da wani babba da ka yarda da shi ko likita.

Ni hedimasta ne. In sa dole kowa ya kawo littafinsa ina sa hannu?

Ranka ya daɗe, in ka yi haka cikin sati uku za ka samu littattafai masu tsabta cike da “darasi ya tafi lafiya”, wasu ma ranar Lahadi da daddare za a cika na sati gaba ɗaya. Ba wanda zai rubuta rauninsa a takardar da mai cika masa fom ɗin ƙarshen shekara zai karanta. Bar musu littafin ya zama nasu. Abin da za ka iya shi ne ka ware rabin awa duk sati biyu, malami ɗaya ya kawo littattafan yara biyar da matsala ɗaya a zauna a kanta, kuma ka fara da naka darasin, kai ka fara kawo wanda ya ba ka wuya. Kada abin da aka faɗa a zaman ya fito a kuwairi.

Mene ne haɗinsa da furojet ɗin da ake kira binciken cikin aiki?

Shi ne waiwaye da aka yi wa tsari aka ja shi tsawon makonni. Asalinsa daga Kurt Lewin ne a shekarun 1940: ka gano matsala, ka tsara gyara, ka aiwatar, ka tattara hujja, ka duba, ka sake zagayowa. In kana shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai da ke Gyallesu ko a tsangayar ilimi ta ABU kuma ka riƙe littafinka lokacin TP, topik ɗinka na ciki, ba sai ka je shagon kwamfuta ana nemo maka tsohon furojet ɗin wani ba. Misalin ɗebewa da aro ɗin nan ma ya isa: gwajin farko kafin tsinken tsintsiya, sati uku kana amfani da shi, gwaji na biyu mai tambayoyi masu nauyi ɗaya da na farko, sai ka kwatanta irin kurakuran, ba jimillar maki kaɗai ba.

Ka kiyaye abu biyu. Kada ka canza abubuwa huɗu lokaci guda, don in aka samu ci gaba ba za ka san wanne ya kawo shi ba. Kuma in gwajin bai yi aiki ba ka rubuta haka, ka nemo dalili, kada ka gyara lambobi. Kafin ka fara ka nuna wa sufabaizan furojet ɗinka tsarin, don wasu sassan suna da fasalin babi-babi da suke so a bi, kuma ka nemi izinin makarantar da za ka yi aikin a rubuce.